Baƙo a Kurmi, Baƙo a Gida: Ɗan Bida a Ƙagaggun Labarai

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

MAI GABATARWA: Yau shirinmu na musamman zai leƙa cikin littattafai, mu ga yadda marubuta suka ba da labarin mutumin da kowane gida a Adar ya sani, wato ɗan bida.

Da an kai gero rumbu, samari sai su ɗaura kaya. Wasu Abijan, wasu Legas, wasu Kamaru ko Libiya. Ƙasarmu ta duwatsu ce, damina gajera, kuma farin 1973 da na 1984 sun ƙara buɗe hanyar. Ko aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a Keita a 1984 bai tsayar da tafiyar ba. Kuɗin bida sun gina ɗakuna, sun yi aure, sun ciyar da tsofaffi. Amma akwai abin da tafiya ke karɓewa daga mutum, kuma shi ne marubuta suka sa wa ido.

(KIƊA)

MAI GABATARWA: Mu fara da namu. Mahamadou Halilou Sabbo, haifaffen Tawa a 1937, ya fitar da littafinsa Abboki ou l'appel de la côte a 1978. Labarin matasan karkara ne da bakin teku ke kira, su bar gona da iyaye suna hangen arziki, su tarar da wahala da wulaƙanci. A can ba a tambayar ɗan wane ne kai. Mutumin da ake gaishe shi da sunan kakansa a garinsu, sai ya koma ɗan dako ko mai gadi, wanda ake kira da duk sunan da aka ga dama. Wannan raunin ya fi yunwa daɗewa a zuciya.

Tun kafin Sabbo, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar, wanda ya fito a 1934: yaron da aka raba da mahaifiyarsa, bauta ta ƙetara da shi hamada, ya girma a hannun Larabawa ya zama malami, uwa kuwa tana ta bin sawunsa. Shi dole ce ta fitar da shi. Ɗan bida da ƙafarsa yake fita, sai dai tambayar da ke jiransu ɗaya ce: bayan shekaru a ƙasar wasu, kai na ina ne?

A Senegal, Cheikh Hamidou Kane ya nuna wata irin ƙaura a L'Aventure ambiguë na 1961. Samba Diallo ya tashi a makarantar allo, aka sa shi lakwal, ya kai har Faris. Da ya dawo, zuciyarsa ta kasa zama wuri ɗaya. Duk ɗanmu da ya yi karatu a Yamai ko a waje, ya zo hutu ya ji hirar dandali ta yi masa nisa, ya san ciwon Samba Diallo.

Abdoulaye Mamani kuwa shi kansa ya ɗanɗani gudun hijira saboda siyasar jam'iyyar Sawaba. Da ya tashi rubuta Sarraounia, wanda ya fito a 1980, sai ya koma Lugu, ga sarauniyar da ta tari sojojin Faransa na Voulet da Chanoine a 1899. Wanda aka raba da ƙasarsa ya je tarihi ya nemo abin da zai tsaya a kai.

(KIƊA)

MAI GABATARWA: Masu saurare, ga abin da ke damuna. Ban da Shaihu Umar, duk littattafan nan da Faransanci aka rubuta su. Mai tura baro a Abijan, wanda labarinsa ne Sabbo ya bayar, da wuya ya iya karanta shi. Matarsa da ta shekara uku tana jira a ƙauyen Deule, tana daka tana noma tana renon 'ya'ya, ita ma haka. Labarin namu ma ya tafi bida, bai dawo ba.

Alhali abin rubutawa yana nan jibge. An kori baƙi daga Gana a 1969, an kore su daga Najeriya a 1983. Rikicin Kodebuwa na 2002 da yaƙin Libiya na 2011 sun maido mana da mutane hannu wofi. Cikinsu har da yaran da aka haifa a can, bakinsu ya fi sabawa da Julanci da Faransanci, suka iso garin ubanninsu ana ce musu baƙi, bayan can ma baƙi ake ce musu. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To, yaron da bai taɓa barin gida ba, a waje aka haife shi, yaya za mu yi masa hukunci?

Marubutan Kano irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino sun tabbatar cewa in aka rubuta damuwar mutane da harshensu, za su saya su karanta, wanda bai iya ba a karanta masa. Ga shi kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Saboda haka ina kira ga malaman makarantunmu da ɗalibai, maza da mata: ku zauna da tsofaffin 'yan bida tun suna raye, ku saurari matan da aka bari a gida, ku rubuta da Hausar Adar, da boko ko da ajami. Ku aiko mana, za mu karanta a wannan fili.

A nan za mu dakata. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya maido mana da su lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)