Hoton Ɗan Karkanda: Sai Da Yardar Uwarsa

Wata ɗaliba daga Ƙauran Namoda ta aiko mana da wasiƙa, ta ce ta ga hoton ɗan karkanda yana bin uwarsa, ya ba ta sha'awa ƙwarai, shi ne take tambaya ko a dajin Zurmi ko na Shinkafi za ta iya ɗaukar irinsa in ta girma.

To, 'yata, amsar ba mai daɗi ba ce. Babu karkanda a dazuzzukanmu. Irin wadda ta taɓa zama a wannan sashe na Afirka, har da arewa maso gabashin Nijeriya da Chadi, ragowarta a arewacin Kamaru suka rage. A 2006 aka shiga nemansu ba a ga ko guda ba, a 2011 kuwa aka ba da sanarwar cewa irin ya ƙare. Ƙahonta ne ya jawo mata, alhali kuwa abin da aka yi farcenki da gashinki da shi, shi ne dai ƙahon. Yau mai son wannan hoto sai ta dangana da ƙasashe irin su Kenya, Namibiya ko Afirka ta Kudu.

In Allah ya kai ki, ki sani ba da ɗan za ki yi ciniki ba, da uwar ne. Wata 15 zuwa 16 take ɗauke da cikin, ɗa guda take haifa, sa'an nan ta yi shekara biyu zuwa uku tana renonsa. Ku iyaye mata kun san wadda ta sha wannan wahala ba ta wasa da mai matsowa kusa da goyonta. Nauyinta yakan kai tan guda ko ya fi, amma in ta zaburo takan yi gudun kilomita 50 a awa.

Idonta ba ya gani da nisa, sai dai hanci da kunne kamar me. Saboda haka jagoran daji yakan tsai da mota inda iska ke busowa daga wajen dabbar zuwa gare ku, don kada ta ji ƙanshinku. Turare dai a bar shi a masauki, ko da na amarci ne! Ba a sauka daga mota, ba a hira, ba a kunna walƙiyar kyamara, kuma ko kusa ba a shiga tsakanin uwa da ɗa. Da sassafe ake fita ko da la'asar sakaliya, lokacin da haske ya yi laushi, dabbobi kuma suka fito kiwo. A yi amfani da madubin kyamara mai jawo nesa, a zauna a jira. Wata rana sai a wuni ba a ga kome ba sai bayan uwar.

Ga wani abin lura. Karkanda iri biyu ce a Afirka, ana ce musu fara da baƙa, ko da yake dukansu ruwan toka ne. Ɗan farar a gaban uwa yake gudu, ɗan baƙar kuwa a baya yake binta. In kin san haka, kin san inda za ki auna kyamara tun kafin ya ɓullo.

Hoton ma yana iya zama sanadin ajalinta. Wayoyin zamani sukan rubuta ainihin wurin da aka ɗauki hoto a cikin hoton, ɓarayin ƙaho kuwa suna bibiyar intanet. Shi ya sa a wasu gandayen ake roƙon baƙi su kashe wannan alama kafin su watsa. A 2014 kaɗai karkanda 1,215 aka kashe a Afirka ta Kudu, kuma in uwa ta faɗi, ɗan da bai isa yaye ba da wuya ya rayu sai an tsince shi.

Kada wani ya ce miki aikin maza ne. Ba'amurkiya Ami Vitale ce ta ɗauki hoton da ya zaga duniya a watan Maris na 2018, a gandun Ol Pejeta na Kenya, inda mai kiwo Joseph Wachira ya jingina kansa da na Sudan, namiji na ƙarshe a farar karkandar arewa, gab da mutuwarsa. Ya bar mata biyu, 'yarsa Najin da jikarsa Fatu.

Mu a nan kusa, abin da ya rage mana shi ne raƙumin dawa. A 1996 guda 49 kacal suka rage a Afirka ta Yamma, dukansu a Nijar, amma da aka tsare su sai da suka haura 600. A watan Nuwamba na 2018 aka ɗauko takwas a mota daga yankin Kure, kusa da Yamai, aka kai su gandun Gadabeji, wajen Dakoro a jihar Maraɗi. Daga Zurmi ta Jibiya zuwa Maraɗi ba wata tafiya ba ce, sai dai kun fi ni sanin halin da hanyoyinmu ke ciki saboda 'yan bindiga. A Kure ma an kashe mutum takwas a watan Agusta na 2020, har da jagoransu. Ba zan ce wa 'yar kowa ta kama hanya yanzu ba.

Kafin lokacin, 'yata, ki ari wayar babarki ki fara da akuyar gidanku ranar da ta haihu. Ki tsuguna daidai tsayin ɗan, rana tana bayanki, kada ki kira shi, ki jira har uwar ta manta da ke ta shiga lasarsa.