Log: Kundin da ke ba da shaida idan manhaja ta samu matsala

A ranar 25 ga Fabrairun 2023, 'yan Najeriya sun zuba ido kan shafin IReV na hukumar zaɓe ta INEC domin ganin sakamakon zaɓen shugaban ƙasa daga rumfuna, amma aka shafe sa'o'i shiru. Sakamakon 'yan majalisar tarayya yana shiga, na shugaban ƙasa kuwa ya ƙi.

A rahoton da ta fitar a Fabrairun 2024, INEC ta ce kwamfutar da ke karɓar sakamakon ta riƙa mayar da saƙon kuskure mai lamba 500. Da injiniyoyi suka bi diddigi, sai suka gano an tsara manhajar ta riƙa ajiye kowane sakamako ƙarƙashin jiharsa, alhali zaɓen shugaban ƙasa ba na jiha ɗaya ba ne. Sai ƙarfe 8:55 na dare sakamakon farko ya shiga. Jinkirin na cikin batutuwan da 'yan adawa suka kai gaban kotu.

Lamba 500 ba ta nuna komai illa cewa wani abu ya lalace a ciki. Abin da ke faɗa wa injiniya mene ne ya lalace, a ina, kuma da ƙarfe nawa, shi ne kundin da manhaja ke rubutawa tana cikin aiki, wanda masu sana'ar ke kira log.

Daga Abuja zuwa Maijirgi

Wannan kundi bai tsaya ga manyan hukumomi ba. A garuruwa irin su Maijirgi da ke gundumar Tasawa a jihar Maraɗi, gidaje da dama na dogaro da kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa ta kamfanonin tura kuɗi. Idan an cire kuɗi a wajen mai aikawa amma ba su isa ba, mai shago ba shi da amsa sai "a jira". Amsar tana cikin kundin: lambar cinikin, lokacin da saƙon ya fita, da matakin da ya maƙale. Idan manhajar ba ta rubuta waɗannan ba, magana ta koma musu tsakanin mai kuɗi da kamfani.

Me ya sa ake amfani da laburare?

Sabon mai koyon shirya manhaja yakan sa ta buga saƙo a fuskar kwamfuta don ya ga inda ta tsaya. Da an rufe, saƙon ya tafi. Shi ya sa ƙwararru ke ɗauko laburare, wato shiryayyen kayan aiki da wasu suka riga suka rubuta. Masu Java na da Log4j, masu PHP na da Monolog, Python kuwa tun 2003 take zuwa da nata mai suna logging.

Laburare na manna wa kowane saƙo kwanan wata da lokaci, ya ajiye shi a fayil ko ya tura wata kwamfutar, sannan ya kasa saƙonni gwargwadon nauyinsu. A Python matakan biyar ne: DEBUG don binciken ƙwaƙwaf, INFO don aikin yau da kullum, WARNING don gargaɗi, ERROR idan wani aiki ya gaza, sai CRITICAL idan manhajar na gab da tsayawa. Da wannan tsari, injiniya na iya tace dubban layuka ya fitar da kurakurai kaɗai, ko ya sa a aiko masa saƙo a waya idan babbar matsala ta auku.

Kundin ma na da haɗari

A Mayun 2018, Twitter ya buƙaci masu amfani da shi sama da miliyan 330 su sauya kalmar sirri, bayan ya gano manhajarsa na rubuta kalmomin a fili cikin wani kundi na cikin gida. Ƙa'idar ita ce kada kalmar sirri, lambar PIN ko cikakkiyar lambar kati su shiga log. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 da hukumar HAPDP ta Nijar duk sun ɗora wa kamfanoni alhakin tsare bayanan jama'a.

Sai kuma Disamban 2021, lokacin da aka bankaɗo wata kafa a Log4j da aka laƙaba wa Log4Shell. Ɗan kutse na iya tura ɗan gajeren rubutu, da zarar manhaja ta shigar da shi kundi, sai ya samu ikon sarrafa kwamfutar. An ba matsalar maki 10 cikin 10 a ma'aunin haɗari, kuma kamfanoni a faɗin duniya suka yi ta rige-rigen sabunta laburaren.

Ga matasan da ke shirya manhajoji a Kano, Maraɗi ko Yamai, aikin ya haɗa abu uku: a rubuta abin da zai isa a gano matsala, a ɓoye sirrin mutane, a kuma riƙa sabunta laburaren. Shi kuwa mai tura kuɗi, ya adana lambar cinikin da aka ba shi, domin da ita ake nemo sawun kuɗinsa a kundin.