Fitilar Birki Da Ta Ƙi Mutuwa

Jama'a, wannan mako za mu bar gona kaɗan mu leƙa tasha, domin noma bai ƙare ba sai amfani ya isa kasuwa.

A ranin bara na je rangadi wani ƙauye kusa da Kadawa. Manoma huɗu suka haɗa kuɗi suka ɗauki hayar akori-kura, aka yi lodin kwandunan tumatir da almuru, da niyyar a yi sammako. Da asuba direba ya murɗa makulli, mota ta ce ba ta san zance ba. Batir ya mutu. Kafin a samo wani rana ta take, tumatir ya fara ruwa, aka sayar da shi yadda ta yiwu. Mai gadi kuwa ya ce ai tun dare ya ga jar wuta a bayan motar, ya zaci haka take kwana.

Dalili ke nan. A motoci da yawa fitilar birki ba ta bi ta makulli, daga batir take shan wuta, ko an kashe inji. Ƙwan birki ɗaya wat 21 ne, biyu 42. A batir mai bolt 12 suna jan amfiya 3 da rabi. In suka kwana awa 12 a kunne sun sha 42, batirin akori-kura kuwa sau da yawa bai wuce 70 ba. Abin da ya saura da wuya ya juya injin dizal da sanyin asuba.

INDA ZA A DUBA

Da farko a sa hannu a ɗago fedar birki. In fitila ta mutu, to, feda ce ba ta komowa wurinta. Ko sifirin ɗinta ya saki, ko tsatsa ta kama ta, ko tabarmar ƙasa ta danne ta.

Na biyu, a kwanta a haska bisa fedar da tocila. Akwai wani ɗan makunni mai tsinke. In an saki birki, feda takan tura tsinken ciki, wuta ta yanke. A daidai inda suke haɗuwa akwai 'yar roba kamar maɓallin riga. Zafi da tsufa sukan farfasa ta, sai tsinken ya faɗa cikin rami, fitila ta tsaya a kunne. In kun ga ɓarɓashin roba a ƙasa inda direba ke sa ƙafa, kun kama ɓarawo. Robar ba ta da tsada. In ana daji, a ɗaure kwabo da salatif a kan ramin, ya kai ku gari.

Na uku, in robar na nan lafiya, a zare wayar da ke shiga makunnin. A yawancin motoci in fitila ta mutu, makunnin ne ya lalace ko ya goce, sai a daidaita shi ko a sake sabo. In ba ta mutu ba, waya ce ta goge ta haɗu da wata, ko an sa ƙwan da ba nasa ba. Wannan aikin mai gyaran wayar mota ne, kada a yi karambani.

Manyan motoci masu birkin iska su kuma makunninsu iska ke tura shi. In bawul ɗin feda bai saki iska duka ba, fitila takan zauna a kunne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don watakila birkin kansa yana ɗan riƙe. A nemi makaniki kafin a ɗau kaya.

IN DARE YA YI

In ba a gano ciwon ba, a cire fis mai rubutun STOP, ko a kwance kan batir mai alamar ragewa, mota ta kwana haka. Amma da safe lalle a mayar. Hawa hanya ba fitilar birki ganganci ne. Wadda ba ta mutuwa ma haka, gama na bayanka ba zai san lokacin da ka taka birki ba, balle cikin hazo.

Manomi da ɗan kasuwa, kada ku ce wannan sha'anin direba ne. Mota tasa ce, amma kayan naku ne. In an gama lodi an kashe inji, ku zaga baya da kanku ku duba, ko ku sa yaron mota. Aikin minti ɗaya ne. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kai kayanmu kasuwa lafiya, amin.

Malamin Gona