Markaɗen 'ya'yan itatuwa da ganye: Yadda za a haɗa shi a gida ba tare da ya zama rumbun sukari ba

Da zarar zafi ya kankama, ko azumi ya zo, ƙarar bilenda na daga cikin abin da ake ji a gidaje da dama kafin faɗuwar rana. Ayaba, kankana, dabino, madara, zuma, duk a zuba a markaɗe, a cika kofuna.

Wannan haɗi, da matasa ke kira sumudi, ya samu karɓuwa a birane, musamman tun da bidiyon girke-girke suka yawaita a TikTok da Instagram. Mutane da yawa sun rungume shi ne domin su rabu da lemon kwalba.

Sai dai ba duk abin da aka yi da 'ya'yan itatuwa ne ke zama mai amfani ba. Kofi ɗaya zai iya cike giɓin abincin da jiki ke buƙata, zai kuma iya ɗaukar sukarin da ya fi na lemon da ake gudu. Bambancin yana ga abin da aka zuba, da yawansa, da kuma tsaftarsa.

Me ya bambanta shi da lemon da ake tacewa?

Idan aka matse lemon zaƙi ko aka tace abarba, ruwan kawai ake sha, a zubar da tuƙar da ta saura a rariya. Wannan tuƙa ita ce masana abinci ke kira faiba. Tana rage saurin shigar sukari cikin jini, tana sa mutum ya daɗe bai ji yunwa ba, tana kuma sauƙaƙa bayan gida.

Shi kuwa sumudi, ɗan itacen gaba ɗaya ake markaɗawa a sha da tuƙarsa. Nan fifikonsa yake. Saboda haka duk wanda ya markaɗa sannan ya tace, ya zubar da babban dalilin yin haɗin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na 'ya'yan itatuwa da kayan lambu a kullum, ban da dankali da rogo da makamantansu. Ta kuma ce ya samu aƙalla giram 25 na faiba a rana. Ga wanda ba ya son cin ganye, ko yaron da ke ture karas gefen faranti, markaɗe hanya ce ta shigar da su cikin sauƙi.

Inda sukari ke ɓuya

A ƙa'idar da hukumar ta fitar a 2015, sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha bai kamata ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana ba. Ga babban mutum, wannan ya kama kusan giram 50, wato ƙaramin cokali 12. Ta ce idan aka rage zuwa rabin haka ya fi. A wannan lissafi har da zuma da ruwan 'ya'yan itatuwa da aka tace.

A duba haɗin da aka fi yi a gidaje. Matsakaiciyar ayaba ɗaya na ɗauke da sukari kusan giram 14. Busasshen dabino kuwa kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne. Babban cokali ɗaya na zuma ya kai giram 17. Idan aka haɗa ayaba biyu da dabino biyar da cokalin zuma a kofi ɗaya, an haura giram 60. Kwalbar lemo mai cin santilita 35 yawanci ba ta kai giram 40 ba.

Gaskiya ne sukarin ayaba da dabino yana zuwa da faiba da sinadarai masu amfani, abin da lemon kwalba ba shi da shi. Amma abin sha yana wucewa da sauri. Da wuya mutum ya zauna ya tauna mangwaro uku da ayaba biyu a zama ɗaya, amma a kofi sai ya shanye su cikin minti biyu, kuma ya nemi abinci bayan nan.

Wannan ne ya sa hukumar kula da lafiya ta Birtaniya ta shawarci jama'a kada su wuce mililita 150 na ruwan 'ya'yan itatuwa da sumudi a rana, wato ƙaramin kofi ɗaya.

Tsarin haɗi mai kyau

Hanya mafi sauƙi ita ce a raba haɗin gida huɗu.

Na farko, ɗan itace nau'i ɗaya ko biyu, wanda ya nuna sosai, domin shi zai ba da zaƙi: gwanda, mangwaro, ayaba, abarba, gwaiba ko kankana.

Na biyu, kayan lambu da ya kai yawan ɗan itacen ko kusa da shi: kokwamba, karas, alayyahu, ko ɗan ganyen zogale.

Na uku, abin da zai riƙe ciki: kindirmo marar sukari, soyayyar gyaɗa, riɗi, ko fiya. Wannan na da wani amfani na daban. Sinadarin da ke cikin karas da mangwaro da gwanda, wanda jiki ke juyawa zuwa bitamin A, ya fi shiga jiki idan an haɗa shi da ɗan maiƙo.

Na huɗu, ruwa mai tsafta ko madara, ba lemon kwali ba. Don ɗanɗano, ɗanyar citta, na'a-na'a, lemon tsami ko farin garin 'ya'yan kuka sun wadatar. Garin 'ya'yan kuka yana da bitamin C da faiba sosai, yana kuma kawo kauri. Idan dole sai an ƙara zaƙi, dabino ɗaya ko biyu da aka jiƙa sun isa.

A fara zuba ruwa ko kindirmo a bilenda, sai masu laushi, sai masu tauri, ƙanƙara a ƙarshe. A goge karas kafin a zuba, don ƙananan bilenda ba sa iya niƙe shi sumul. A cire ƙwallon dabino da na mangwaro da 'ya'yan gwanda.

Haɗi uku na mutum biyu

Na lokacin zafi: kankana kofi biyu, rabin kokwamba, ganyen na'a-na'a kaɗan, da rabin lemon tsami. Ba a ƙara ruwa, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na kankana da kokwamba ruwa ne.

Na karin kumallo: gwanda kofi ɗaya, ƙaramin karas ɗaya da aka goge, kindirmo rabin kofi, ɗan yankin citta, da ruwa rabin kofi. A sha nan take, don gwanda da abarba suna sa madara ɗaci idan haɗin ya jima.

Mai ganye: mangwaro ɗaya ko ayaba ɗaya, alayyahu cikin tafin hannu da aka tsoma a tafasasshen ruwa na minti ɗaya, soyayyar gyaɗa babban cokali ɗaya, da ruwa kofi ɗaya. Idan zogale za a sa, a fara da kaɗan, saboda yana da ɗaci.

Rashin wuta ko rashin bilenda ba ya hana. Ayaba da gwanda da mangwaron da suka nuna ana iya dame su da ludayi ko maburgi a cikin kindirmo, kamar yadda ake dama fura.

Tsafta ce ginshiƙi

Sumudi ba ya hawa wuta. Duk ƙwayar cutar da ta shiga bilenda, tare da ita za a sha. Kwalara da taifot da sauran cututtukan ciki suna yaɗuwa ne ta gurɓataccen ruwa da abinci, kuma damina ce lokacin da suka fi ƙamari.

A wanke hannu da sabulu. A wanke ɗan itace kafin a yanka, ko da za a fere shi, domin wuƙa na ɗaukar dattin bawo ta kai ciki. Ganye ya fi buƙatar kulawa, saboda wasu lambunan gefen birni da ruwan kwata ake yi musu ban ruwa. Tsoma shi a ruwan zafi na rage haɗarin.

Ƙanƙarar da ake sarowa don sanyaya kaya ba lallai ne an yi ta da ruwan sha ba. Gara a yanka ɗan itacen a sa a firji ya yi sanyi, ko a daskarar da ruwan da aka amince da shi. Madarar shanu kuma a tabbatar an tafasa ta kafin a yi kindirmo.

Wajen saye, a lura da yadda kayan suka nuna. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan amfani da sinadarin kabayid wajen nunar da ayaba da mangwaro da ƙarfi. Ɗan itacen da bawonsa ya yi ruwan ɗorawa amma cikinsa da tauri, babu ƙamshi babu zaƙi, abin zargi ne. Sayen abin da ke lokacinsa ya fi sauƙin kuɗi, ya fi kuma aminci.

Kada a bar haɗin a waje fiye da awa biyu, balle a zafin bazara. Bitamin C ma yana raguwa idan iska da zafi suka taɓa shi. Bayan an gama, a kwance ƙasan bilendar a wanke har robar da ke ƙarƙashin wuƙar, inda ragowa ke maƙalewa ta ruɓe.

Waɗanda za su yi hattara

Mai ciwon sukari ya rinjayar da kayan lambu, ya bar zuma da dabino, ya sha kaɗan tare da abinci, ya kuma auna jininsa don ganin yadda haɗin ke yi masa.

Mai ciwon ƙoda ya tuntuɓi likitansa tukuna, domin ayaba da fiya da alayyahu suna da sinadarin fotashiyam da yawa, wanda ƙodar da ta raunana ba ta iya fitarwa yadda ya kamata. Haka ma mai shan maganin tsinka jini na warfarin, saboda bitamin K da ke cikin ganye yana shafar aikin maganin.

Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ba a ba shi zuma ko kaɗan.

Akwai kuma bidiyon da ke yawo a waya suna cewa wani haɗi yana wanke jini, yana narkar da tumbi cikin mako ɗaya, ko yana warkar da hawan jini. Aikin tace gubar jiki na hanta ne da ƙoda, kuma babu haɗin 'ya'yan itatuwa da zai maye gurbin maganin da likita ya rubuta. Haɗarin shi ne marar lafiya ya ajiye maganinsa ya dogara da kofi.

Sumudi ƙari ne a kan abinci, ba madadinsa ba. Ƙaramin kofi ɗaya a rana, da ganye a ciki, ba a tace ba, ba a ƙara sukari ba, ya wadatar. Sauran 'ya'yan itatuwan kuwa, a wanke a yanka a tauna.