Masai Mai Ƙaura Don Mai Zaman Gona

Ran nan a kasuwar Gummi wani ɗan tireda ya tare ni, ya nuna mini hoto a wayarsa, ya ce, "Malam, dubi wannan. In na saro shi, manomanku za su saya?" Da na duba sai na ga masai ne na roba irin wanda ake ɗauka a hannu. Tsayinsa bai wuce na kujerar zaman mata ba sosai, a sama akwai mazauni da murfi da ɗan tankin ruwan kora, a ƙasa kuma wani tankin mai cin kamar lita 20 inda ƙazanta ke taruwa. Ana zuba masa wani magani mai launin shuɗi don ya kashe wari. Mutanen Turai da Amurka ke amfani da shi in sun fita shan iska a daji suna kwana cikin tanti ko cikin mota. Akwai kuma wani iri, kujera ce mai naɗewa, a ɗaura mata leda a ƙasa, in an gama a barbaɗa gari mai daskarar da ruwa, a ƙulle a tafi da ita.

Na ce masa ya dakata tukuna. Abin ba laifi gare shi, yana ma da amfani ga majinyaci, da tsoho, da mace mai jego, waɗanda fita da dare ke yi wa wuya. Amma ga mai zaman gona tambaya ɗaya ta kashe shi, watau in ya cika ina za a zubar? Waɗanda suka ƙera shi suna da wurare na musamman da aka tanada don juye shi. Mu kuwa a nan, in mutum goma suka yi aiki da shi kwana biyu ya cika, kuma na san inda yaron da aka aika zai kai shi, bakin rafi ne. Ga kuɗin magani kullum. To, an tara ƙazantar wuri ɗaya an kai ta cikin ruwa ke nan, gara ma da ba a saya ba.

Duk da haka ɗan tiredan ya taɓo magana mai nauyi. A garuruwanmu galibin gidaje suna da masai, ko mai kyau ko marar kyau. Gona fa? Tun daga sassabe har a kai amfani rumbu, manomi da 'ya'yansa da 'yan ƙwadagonsa a gona suke wuni. Da rani kuma masu lambu da shinkafa suna komawa fadamun Gulbin Zamfara, daga wajen Anka har Gummi, su yi wata uku ko huɗu. Duk tsawon wannan lokaci makewayinsu bayan wani kurmi ne, ko gindin kalgo, ko cikin kwari. A shekarun nan da rashin tsaro ya hana mutane da yawa noma gonakin nesa, jama'a sun matso kusa da gari, gona na jikin gona, ƙazantar da a da take warwatse cikin daji yanzu ta taru a ɗan wuri.

Mutum zai ce ai rana za ta busar da ita, ƙasa kuma ta cinye. Bari mu ga abin da ke faruwa kafin ta cinye.

Akwai wata tsutsar ciki ƙarama mai ƙugiya a baki, wadda ke maƙale wa hanji tana shan jini. Ƙwanta yana fita cikin bayan gida. In ya sami ƙasa mai laima da ɗumi, cikin kwana ɗaya ko biyu ya ƙyanƙyashe, bayan kamar mako guda 'yar tsutsar ta isa shiga jikin mutum, kuma tana iya jira cikin ƙasa har mako uku ko huɗu. Galibi ba ta baki take shiga ba, ta fatar ƙafa take hudawa. Wa ya fi yawo ba takalmi cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa? Manomi da ɗansa. Na taɓa zuwa duba gonar wani magidanci a ƙasar Bukkuyum, ƙaƙƙarfa ne a da, na iske shi zaune gindin itace da hantsi, ya ce kunya biyar yake yi sai haki. Na ja fatar idonsa na ga fari fat. Shi yana zargin sammu. Da aka auna bayan gidansa a asibiti, tsutsar nan aka samu. Magani ya kashe ta, amma da ya koma yana taka wurin nan dai, da sai ta dawo.

Ta biyu tsargiya. Ƙwanta cikin fitsari yake fita. In an yi fitsarin cikin tafki ko kududdufin fadama sai ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin ƙananan dodon koɗi na ruwa, ya hayayyafa a can, sa'an nan ya fito ya huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Har yanzu akwai masu ɗaukar fitsarin jini a wurin yaro alamar girma ne. Ciwo ne, kuma in ya daɗe yana ɓata mafitsara.

Babbarsu ita ce amai da gudawa, wadda likitoci ke kira kwalara. A 2021 an ƙidaya mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, sama da 3,600 suka rasu, Zamfara kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. A daminar 2025 ta sake tasowa a ƙauyukan Bukkuyum, irin su Gurusu da Adabka da Nasarawar Burkullu, ga hanyar asibiti ta yi wuyar bi. Hanyar cutar ba ɓoyayyiya ba ce. Ruwan sama ya kwashi abin da aka bari a fili ya kai rafi da rijiyar da ba ta da baki, ƙuda kuma ya tashi daga kai ya sauka kan furar da aka kawo gona. Tun muna allo malamai suka karantar da mu cewa an hana biyan bukata a kan hanya, da inuwar da mutane ke hutawa, da mashaya. Ilmin likita bai zo da abin da ya saɓa wa wannan ba.

To, mene ne abin yi, tun da ba wanda zai haƙa shadda gaba uku ya gina ta da bulo a gonar da watakila ma aro ce? Amsar ita ce a raba masai biyu. Rami ya zauna inda yake, murfi da shinge su ne za su yi ƙaura. Wani masani a ƙasar Zimbabuwe, Peter Morgan, shi ya tsara wannan dabara ya yaɗa ta wajen ƙarshen shekarun 1990, ana kiranta Arborloo, watau masai mai itace, kuma ta karɓu a ƙasashe kamar Malawi da Habasha. Ba wani abu ba ne mai wuya, ga yadda ake yi.

A haƙa rami kewayayye, faɗinsa ƙafa biyu ko biyu da rabi, zurfinsa ƙafa uku zuwa huɗu, kada ya wuce haka. Mutum ɗaya zai gama shi kafin azahar. In ƙasar jigawa ce mai zubewa, a ɗaure bakin da zoben siminti, ko tsohuwar tayar mota, ko a yanke gindin tsohuwar ganga a zura. A ɗaga bakin da ƙasar da aka haƙo, a daddaɓe, don kada ruwan sama ya gangara ciki. A zuba busasshen ganye a ƙasan ramin kamar tsawon taƙi guda.

Murfin shi ne dukiyar. Mafi kyau na siminti ne, kewayayye, faɗin ƙafa uku da 'yan kai, kauri inci biyu, siminti mudu ɗaya yashi mai tsabta mudu uku, a sa 'yan sandunan waya a ciki. A bar kafa a tsakiya wadda yaro ba zai faɗa ba, a yi wurin ɗora ƙafa. Abin da magina suka fi kuskurewa shi ne gaggawa. In an zuba shi sai a rufe, a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana bakwai kafin a taɓa shi, in ba haka ba ranar da aka ɗaga zai tsage. Irin wannan mutum biyu suna ɗauka, ko a mirgina shi kamar taya, ko a aza a amalanke. Wanda ba shi da halin siminti ya jera azarar giginya ko itacen ƙirya, waɗanda gara ba ta cika ci ba, ya shafe da laka, sai dai wannan ba ya wankuwa sosai, ƙwan tsutsa yana iya zama a jikinsa. Akwai kuma kaskon roba mai suna SATO da ake samu a wasu shagunan kayan gini, mai 'yar ƙofa a ƙasa wadda ke buɗewa in an kora da ruwan buta ta koma ta rufe da kanta. Yana hana ƙuda da wari ƙwarai, amma ga rami gajere irin namu na fi son murfin katako mai mariƙi, domin yawan ruwa yana jiƙa ramin.

Shinge kuwa zana biyu da dirka huɗu ko biyar sun isa, a naɗa su kamar katantanwa yadda ba a bukatar ƙyaure. Kada a raina wannan. Maza suna iya kewayawa ko'ina, amma matan da ke kawo abinci ko ke tsinkar wake da roron gyaɗa sukan matse tun safe har duhu, ko su yi nisa cikin daji su kaɗai, a lokacin da kowa ya san abin da nisa cikin daji ke jawowa. Ga maciji kuma da kaka. Zana biyu a gefen gona sun raba su da wannan.

Sai ƙa'ida guda wadda in an bar ta an ɓata aikin duka. A ajiye tsohuwar ƙwarya ko bokiti cike da toka gauraye da busasshiyar ƙasa, duk wanda ya shiga ya zuba cikin tafi biyu a kai kafin ya rufe. Toka tana shanye laima, tana kashe wari, ƙuda ba ya samun wurin yin ƙwai. Tsarki da buta ba ya ɓata kome, amma kada a mai da wurin makewayin wanka. Kada a jefa leda ko kwalba ko tsumma. A waje kuma a rataye galan mai 'yar huda, da sabulu, in babu sabulu toka ma tana wanke hannu.

Zaɓen wuri yana son hankali. A nisanta shi da rijiya ko rafi aƙalla mita 30, watau taku arba'in na babban mutum, kuma ya kasance ta gangaren rijiya, ba ta samanta ba. Masu fadama su lura, inda ake tarar da ruwa a zurfin gaba ɗaya ba a haƙa masai. A hau tudu, ko da za a yi 'yar tafiya. Wanda ya ga ambaliyar da ta ci Gummi a watan Agusta na 2024 ya san abin da ruwa ke yi wa ramin da ke kwari, duk abin da ke ciki sai ya fito ya bi gari.

Iyali guda sukan ɗauki wata shida zuwa shekara kafin su cika irin wannan rami, don haka rami ɗaya ya isa damina guda har da saura. In ya rage kamar taƙi guda ya cika, ko aikin gona ya ƙare, sai a ɗauke murfi da zana, a cike da ƙasa mai kyau, a tara ta ta yi tozo domin za ta lotsa. Ba wanda zai taɓa ƙazanta, ba wanda za a biya kuɗin kwasa. A bar shi ya huta, in ruwa ya zauna a dasa itace a kai: gwanda, ko gwaiba, ko mangwaro, ko zogale. A kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ni da kaina na gwada da gwanda biyu a bayan gidana, ɗaya kan tsohon rami ɗaya a ƙasa kawai, ta kan ramin ta riga ɗayar haihuwa, kuma ta fi ta kauri nesa. Amma ban yarda a shuka abin da ake tonowa daga ƙasa ba, kamar rogo ko dankali ko albasa, gama ƙwan macijin ciki yana daɗewa cikin ƙasa fiye da shekara.

Na san wani zai yamutsa fuska ya ce shi ba ya cin ɗan itacen masai. Ai kuwa tsohuwar shadda da ta mutu a bayan gida, wa bai ga yadda kabewa ke haukacewa a kanta ba? Maƙwabtanmu na Agye cikin jihar Maraɗi sun wuce nan tun wajen 2009, har suna suka raɗa wa abin, wanda aka tara a jarka aka ajiye ya kwana biyu suna ce masa takin ruwa, wanda ya bushe ya zama ƙasa kuma taki busasshe, suna zuba wa gero. Ban ce kowa ya yi haka ba. Mai ƙyanƙyami ya dasa darbejiya ko turare, ya sami inuwa da azara.

Saura mai tafiya shi kaɗai, kamar makiyayi, ko mai saran itace, ko malamin da ke rangadi. Shi fartanyarsa ko 'yar wuƙar tono ita ce masansa. Ya kauce wa hanya da ruwa kamar taku saba'in, ya tona rami zurfin taƙi guda, ya biya bukata, ya rufe ya taka. A wannan zurfin ƙuda ba ya kaiwa, kaji da karnuka ba sa tonowa da sauƙi, ruwan farko kuma ba ya kwashewa.

Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da yaƙi da bahaya a fili a watan Nuwamba na 2019, kuma a 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko da aka shaida ta rabu da shi. Masu wannan aiki gidaje suke ƙirgawa, da makarantu da kasuwanni. Ban taɓa ganin dubagari ya bi kunya yana neman masai a gona ba, wannan ya rage ga mai gona.

Shi kuwa abokina ɗan tireda, shawarar da na ba shi ita ce ya bar akwatin roba, ya nemi magini su haɗa jari su zuba murafan siminti da rani, lokacin da yashi ke bagas a gulbi, ya jera su ranar kasuwa kusa da masu sayar da zana. Na ce ya huda kowanne ta gefe biyu ya zura igiya, don mai saye ya sami wurin kamawa in zai aza wa jaki.