Jirgin Lilo A Filayen Shaƙatawa: Ko Kwalliya Na Biyan Kuɗin Sabulu?

A ranar 28 ga watan Fabrairu na shekarar 2025, ma'aikata suka ɗana nakiyoyi a gindin wata hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita 139 a jihar New Jersey ta ƙasar Amurka, cikin 'yan daƙiƙoƙi kuwa ta kife ƙasa. Hasumiyar ita ce ƙashin bayan Kingda Ka, jirgin lilon da ya shafe kusan shekara 20 yana riƙe da kambun tsawo a duniya. Kamfanin Six Flags ne ya kashe Dala miliyan 25 ya gina shi a shekarar 2005, shi ne kuma ya rushe shi da kansa.

Rushewar ta sake tayar da tsohuwar muhawara tsakanin masu zuba jari a harkar filayen shaƙatawa. Wasu na ganin jirgin lilo shi ne gishirin wannan kasuwa, in babu shi jama'a ba za su taka ƙafa ba. Wasu kuwa na ɗaukarsa a matsayin rijiya mai haɗiye kuɗi, wadda ke jefa kamfani cikin gasar da ba ta da ranar ƙarewa.

Jirgin lilo, wanda masu jin Ingilishi ke kira rola-kosta, jerin ƙananan taragai ne da ke gudu a kan dogo mai hawa da gangara da lanƙwasa, wani lokaci har ya juya da fasinjoji kai ƙasa ƙafa sama. Galibinsu ba su da inji a jiki. Sarƙa ce ke jan taragan zuwa ƙolin tudun farko, daga nan a sake su, nauyinsu ya ci gaba da tafiyar da su har su komo tashar da suka baro. Saboda haka duk mai son ƙarin gudu dole ya ƙara tsawon tudun, ƙarin tsawo kuwa na nufin ƙarin ƙarfe da fili da kuɗi. Wasu na zamani ba sa bukatar sarƙa, na'ura ce ke harba su kamar kibiya. Da irin wannan na'ura Kingda Ka ke kai gudun kilomita 206 a sa'a cikin daƙiƙa uku da rabi.

Asalin wasan daga ƙasar Rasha yake, inda tun ƙarni na 17 ake kafa tuddan katako a lulluɓe su da ƙanƙara domin zamiya a lokacin hunturu. Har gobe Faransawa duwatsun Rasha suke kiran jirgin lilo. Amma a Amurka ne ya zama sana'a. A shekarar 1884 LaMarcus Thompson ya buɗe nasa a Coney Island da ke birnin Niyok, yana karɓar santi biyar a hannun kowane fasinja, jirgin kuma bai wuce gudun kilomita 10 a sa'a ba. Jama'a suka yi cincirindo, 'yan kasuwa suka hango riba suka shigo. A shekarar 1919 injiniya John Miller ya yi rajistar ƙafafun da ke riƙe dogo ta ƙasa, yadda tarago ba zai iya tsalle ya bar hanya ba, abin da ya ba magina damar yin gangara mai tsanani. Cyclone, wanda aka buɗe a Coney Island a shekarar 1927, na daga cikin 'ya'yan wancan zamani.

Kasuwar ba ta daɗe tana ci ba. Karyewar tattalin arzikin da ta soma a shekarar 1929, da Yaƙin Duniya na Biyu da ya biyo baya, sun rufe ɗaruruwan filaye, aka kuma rushe jiragen lilo masu yawa. Tun daga lokacin masu wannan sana'a suka gane cewa da rarar aljihun jama'a suke rayuwa, kuma idan magidanci ya shiga matsi, kuɗin shaƙatawa ne na farko da yake sokewa.

Abubuwa biyu suka sauya fasalin harkar daga baya. A shekarar 1959 filin Disneyland na jihar Kalifoniya ya buɗe Matterhorn Bobsleds, jirgin lilo na farko mai dogo na bututun ƙarfe, wanda ake iya lanƙwasawa yadda katako ba zai yarda ba. A shekarar 1961 kuma filin Six Flags Over Texas ya buɗe da tsarin biyan kuɗi sau ɗaya a ƙofa, mutum ya hau duk abin da ya ga dama. Da wannan tsari ya bazu, jirgin lilo ya daina tara kuɗi da kansa. Ribarsa ta koma yawan mutanen da ya jawo suka sayi tikitin shiga, da abin da suka kashe a kan abinci da tsaraba da wurin ajiye mota. Tushen gardamar ke nan, domin babu akawun da zai iya ware ainihin abin da jirgi guda ya shigo da shi daga cikin kuɗin ƙofa.

Masu goyon bayan jirgin lilo na da hujjoji uku. Ta farko, shi ne tallar da ba ta bukatar dogon bayani, domin ana hango shi daga nesa, gidajen talabijin da jaridu kuma na yayata sabon kambu ba tare da an biya su ba. Ta biyu, babban jirgi kan ɗauki fasinjoji fiye da dubu a cikin sa'a guda, ya rage cunkoso a sauran sassan fili. Ta uku, filin da ya dogara da mutanen yankinsa dole ya ba su dalilin dawowa kowace shekara. Misalin da suka fi kawowa shi ne Cedar Point na jihar Ohio, filin da ke bakin tafkin Erie, wanda sanyi ke rufewa kusan rabin shekara, amma ya yi suna a duniya saboda jiragensa. A shekarar 1989 ya gina Magnum XL-200 mai tsawon mita 62 a kan Dala miliyan 8. A shekarar 2000 ya ƙara da Millennium Force mai mita 94, sa'an nan a 2003 ya kawo Top Thrill Dragster mai mita 128, kowannensu a kan Dala miliyan 25.

Masu adawa na cewa waɗannan alƙaluma su ne hujjarsu. Kambun Top Thrill Dragster shekara biyu kacal ya yi kafin Kingda Ka ya ƙwace shi, kuma a shekarar 2010 Formula Rossa na filin Ferrari World a Abu Dabi ya ƙwace kambun gudu da kilomita 240 a sa'a. Gaba da gabanta, in ji Bahaushe. Kambu kan tafi cikin 'yan shekaru, bashin da aka ci don samunsa kuwa yana nan ana biya.

Suna kuma nuni da filin Geauga Lake, shi ma a jihar Ohio. A shekarar 2000 Six Flags ya zuba kimanin Dala miliyan 40 ya kafa sababbin jiragen lilo huɗu a can lokaci guda. A shekarar 2004 ya sayar wa kamfanin Cedar Fair filin a kan Dala miliyan 145, a 2007 kuma aka rufe sashen wasanninsa baki ɗaya. Hard Rock Park na jihar South Carolina ya ci kusan Dala miliyan 400, ya buɗe a shekarar 2008, ya karye a cikin shekarar, aka sayar da shi Dala miliyan 25. Shi kansa Six Flags ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a watan Yuni na 2009, da bashin Dala miliyan 2,400 a wuyansa. Sai dai adalci ya bukaci a faɗi cewa yawancin wannan bashi ya taru ne daga sayen filaye barkatai, musamman tun shekarar 1998, lokacin da kamfanin Premier Parks ya sayi Six Flags. Jiragen lilo ba su ne suka haifar da ciwon ba, amma sun kasa warkar da shi.

Akwai kuma ɗawainiyar da ba a gani a ranar bikin buɗewa. Kamfanoni ƙalilan ne ke ƙera manyan jirage, irin su Bolliger & Mabillard na Suwizalan, da Intamin, da Vekoma na Holan, da Mack Rides na Jamus, kuma a wurinsu ake komawa neman kayan gyara. Kowace safiya sai injiniyoyi sun duba dogo da ƙafafu da birki kafin a ɗauki fasinja, ga kuɗin inshora da na lantarki. Jirgin da aka ƙera don karya tarihi yakan zo da fasahar da ba a gama gwadawa ba, ya riƙa tsayawa a tsakiyar kakar ciniki. Son of Beast, jirgin katako da filin Kings Island ya buɗe a shekarar 2000, ya raunata mutum 27 a 2006, aka rufe shi a 2009, aka rushe shi a 2012.

Batun haɗari shi ya fi tayar da jijiyar wuya. Ƙungiyar masu filayen shaƙatawa ta duniya, IAAPA, ta ƙiyasta cewa a filayen dindindin na Amurka mummunan rauni kan faru ne sau ɗaya a cikin hawa miliyan 15 da rabi. Amma ga ɗan kasuwa, haɗari guda ya isa. A ranar 2 ga watan Yuni na 2015, a filin Alton Towers na Ingila, taragon jirgin Smiler ɗauke da mutum 16 ya afka wa wani tarago da babu kowa a ciki, bayan da ma'aikata suka soke umarnin na'urar tsaro da ta tsayar da jirgin. An yanke wa 'yan mata biyu ƙafa. Kotu ta ci kamfanin Merlin tarar Fam miliyan 5 a shekarar 2016, masu ziyara kuma suka ja baya. A shekarar 2021 wani ƙarfe ya fita daga jikin Top Thrill Dragster ya ji wa wata mata da ke kan layi mummunan rauni, aka rufe jirgin har sai da aka sake masa fasali.

Hujjar da ta fi ƙarfi a hannun masu adawa ita ce ta iyali. Manyan jirage na da ƙa'idar tsawon jiki da ke hana yara ƙanana hawa, dattawa da masu ciwon zuciya da mata masu juna biyu kuma ana gargaɗinsu su ƙaurace. Matashi mai tikitin shekara kan zo sau goma bai sayi komai ba, magidancin da ya zo da iyalinsa sau ɗaya kuwa sai ya ciyar da kowa ya sayi tsaraba. Filin Magic Kingdom na kamfanin Disney a jihar Filorida, wanda bai taɓa shiga gasar tsawo ba, ya karɓi baƙi fiye da miliyan 17 a shekarar 2023, ninki huɗu na abin da Cedar Point kan samu. Kazalika, da kamfanin Universal ya buɗe sashen Harry Potter a filinsa na Islands of Adventure a shekarar 2010, baƙi sun tashi daga miliyan 4.6 a 2009 zuwa miliyan 7.7 a 2011, alhali jiragen lilon da ke sashen a lokacin tsofaffi ne da aka sauya wa suna da ado.

Duk da haka, su ma waɗannan kamfanoni ba su yi watsi da jirgin lilo ba. Disney ya kashe kimanin Dala miliyan 100 a kan Expedition Everest da ya buɗe a shekarar 2006, ninki huɗu na kuɗin Kingda Ka, ko da yake mafi yawan aikin ya tafi ne ga ginin dutsen da labarin da aka kewaye jirgin da su. Abin da tarihin harkar ya nuna shi ne cewa jirgin lilo na jawo mutum zuwa ƙofa, amma abin da ya tarar a ciki, daga tsafta da inuwa zuwa abinci da abin da yara za su hau, shi ke yanke hukuncin ko zai dawo.

A watan Yuli na shekarar 2024 Cedar Fair da Six Flags, waɗanda suka shafe shekaru suna gasar tsawo da gudu, suka haɗe suka zama kamfani ɗaya mai filaye 42. Watanni kaɗan bayan haka aka rufe Kingda Ka. Gasar ta ƙaura zuwa yankin Gulf, inda Saudiyya ta gina Falcon's Flight a Qiddiya kusa da birnin Riyad, wanda aka tsara ya yi gudun kilomita 250 a sa'a. A can asusun zuba jarin gwamnati ne ke ɗaukar nauyi, a ƙarƙashin shirin 2030 na rage dogaro da man fetur, don haka lissafin ya bambanta da na kamfanin da ke jiran kuɗin ƙofa ya biya banki.

Ga mai jarin da ke tunanin shiga wannan sana'a a nahiyar Afirka, labarin Ratanga Junction na birnin Cape Town a Afirka ta Kudu abin dubawa ne. An buɗe filin a shekarar 1998 da babban jirginsa mai suna Cobra, daga baya aka taƙaita buɗe shi zuwa lokutan hutun makaranta, a shekarar 2018 kuma aka rufe shi domin gina gidaje da ofisoshi a wurin. Masu ƙasar sun auna abin da wasannin ke shigarwa da abin da gine-gine za su kawo, suka zaɓi gine-gine. Kafin a yi odar jirgi daga Turai, akwai bukatar a san yawan kwanakin da filin zai cika a shekara, da inda za a samo kuɗin ƙasashen waje na kayan gyara, da wutar lantarki da ba ta yankewa, da injiniyoyin da za su duba dogo kowace safiya.