KU SAN KASKA KAFIN TA SHIGA GIDA

'Yan'uwa manoma na Bodinga da Shagari, da zarar ruwan damina ya sauka ciyawa ta tashi, kaska ma sai ta yawaita. Mun saba ganinta a jikin bokoloji da jajayen awakinmu har mun daina tsoronta. Amma kaska iri-iri ce, kowace da cutar da take ɗauke da ita.

Yadda za a gane su

Babbar kaska ƙafa takwas gare ta, ba ta da fiffike, ba ta tsalle. Huɗu ne suka fi damunmu.

1. Mai zane. Namijinta yana da ado ja-ja a baya, bakinta dogo ne. Tana kama hantsa da mara da hammatar dabba. Inda ta yi yawa kirci yakan yi tsanani. Tana kuma kawo ciwon da ke sa akuya kewaye-kewaye, ta faɗi tana shure-shure, ruwa ya taru kewaye da zuciyarta.

2. Mai dogayen ƙafafu. Jikinta baƙi-baƙi ne, ƙafafun da zobe-zobe fari, tana da sauri. Ana samunta ƙarƙashin wutsiyar shanu da raƙuma.

3. Shuɗiya. Ƙarama ce, in ta ƙoshi sai ta koma ruwan toka. Ita ke sa saniya fitsarin jini.

4. Kaskar kare. Ja ce, tana shiga kunne da tsakanin yatsu, tana ɓuya a tsagar bango. Karen da ta sa wa cuta yakan ƙi abinci, ya rame, dasashinsa ya yi fari, wani har ya yi haɓo.

Wadda ke kashe mutum

Mai dogayen ƙafafu ce ke yaɗa zazzaɓin Kirimiya da Kwango, mai sa zubar jini. A 1966 masu bincike na Ibadan sun sami ƙwayar cutar a jikin kaskar da aka ɗebo a Sakkwato. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 100 da suka kamu, 10 zuwa 40 sukan mutu. Dabbar da ke ɗauke da ita ba ta nuna alamar ciwo, saboda haka mahauci da makiyayi suna iya kamuwa ta jinin dabba, ko ta murje kaska da hannu.

Abin yi

Kada a fasa kaska da farce. A kama ta da matsefata dab da fata, a ja a hankali, a jefa ta cikin kananzir, a wanke hannu da sabulu. Iyaye mata su duba bayan kunne da hammatar yara in sun dawo daga kiwo. Wanda ya yi zazzaɓi mai zafi bayan cizon kaska, a kai shi asibiti ran nan, a kuma gaya wa likita kaska ta cije shi.

Ƙungiya ta haɗa kuɗi ta sayi famfon feshi ɗaya, a nemi malamin dabbobi ya nuna awon magani, a yi wa garkunan unguwa feshi rana guda. Kada a shafa wa kyanwa maganin shanu ko na kare, yana iya kashe ta. A yaɓe tsagar bangon garke. Dabbar da aka sayo daga kasuwa, a ware ta a duba ta tukuna.

Macen kaska ɗaya tana yin ƙwai dubbai. Wadda kuka cire yau, kun rage wa kanku wahalar baɗi.